Waƙoƙin Mama Suna Neman Makaɗinsu

Tallow Bend, Misisipi, Amurka
12 ga Satumba, 1978

Zuwa ga ƙanena Cleophus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Vernell da yara, Allah kuma ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. An fara cirar auduga, Kawu Hosea ya samu sauƙi har ya koma kamun kifi, yana ta cika baki.

Talatar da ta wuce muka binne Gwaggo Idella. Ka san su bakwai ne suka yi shekara talatin suna amsa wa Mama waƙa a coci, yanzu saura uku. Wajen jana'izar na ɗauko waƙar da Mama ta yi shekarar da kogi ya cinye mana gida, sai na kakare a baiti na uku. Na waiwayi Gwaggo Pearlie, babbarsu, ita ma baitin ya ɓace mata. Coci cike, Cleophus, amma aka rasa mai ƙarasa ta. Na koma gida na yi kukan da ban yi ba ranar da Mama ta rasu.

Mama ba ta taɓa rubuta waƙa ko ɗaya ba. A gona take haɗa su, ko tana wankau a gidajen Turawa. Sau biyu masu faifai suka zo daga Memphis ta sallame su, wai ita ba ta sayar da addu'a. Har wadda ta rera a ƙofar kotu ranar da aka hana mu baƙaƙen fata rajistar zaɓe, karnuka na haushi ita ko gezau, yau a kawunan tsofaffin nan uku kawai take.

Saboda haka na aro rikoda a makarantar da nake koyarwa, duk Asabar ina tara su a kicin ɗina. Gwaggo Pearlie ta ce muryarta ta koma ta kwaɗo, amma in ban ji kunyar sa kwaɗo a kaset ba, ita a shirye take. Mun kamo waƙoƙi goma sha ɗaya. Sauran waƙoƙin kuwa, sun ce sai sun ji piyano suke tunowa, kuma kai ne ka yi wa Mama kiɗa tun kana shekara tara.

Na san abin da za ka ce. Ina tsaye ranar da ta ji kana kiɗa a gidan rawa, ta ce kada ka ƙara taɓa piyanon coci. Amma akwai abin da ban gaya maka ba, don haushin rashin zuwanka jinya. A satinta na ƙarshe Fasto ya kawo wani makaɗi daga Jackson. Ta saurara, ta ce a gode masa, amma hannun hagunsa barci yake, ɗanta mai taurin kai kaɗai ya san inda take jan numfashi. Ka yafe mini da na riƙe maganar nan shekara biyu.

Na sa ranar ɗaukar sauran waƙoƙin a coci, Lahadin farko ta Nuwamba, bayan sujada. Ko ka zo ko ka ƙi, za mu rera. Sai dai ba zan nemi wani makaɗi ba, kujerar piyanon nan babu mai hawanta sai kai.

Ka gaishe mini da Vernell, da Lucius, da ƙaramar Ozella mai sunan Mama. Kawu Hosea ya ce ka sauko a bas ɗin Juma'a, zai soya maka kifi.

Ni ce yayarka,
Luvenia