Rumfar Yamma

Sakkwato, watan Muharram, 1938

Zuwa ga Inna Iyatu, a Gummi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? Ni ina nan lahiya, aikin gini yana tafiya.

Inna, ki zauna kafin a ƙarasa karanta maki. Sanƙarau ya kama ƙanena Na'Allah, anka kai shi rumfunan majinyata bayan ganuwa. Likita Bature yana gwada wani magani, wai shi bitamin, ana ɗura wa mutum da yawa. Ya raba majinyata biyu don ya ga bambanci: rumfar gabas a ba su, ta yamma a hana su. Na'Allah ya faɗa yamma.

Na durƙusa gaban Likita na roƙar wa Na'Allah cokali guda. Tafintanshi ya ce mani, "In anka ba shi, gwajin ya ɓaci." Na'Allah yana jin ƙarar cokula, yana tambayata yaushe za a zo kanshi. Na ce saura kaɗan.

Ya rasu ran Talata. Na gabas ma da yawa sun rasu. Likita ya ce maganin bai yi ba, ya sa anka zubar da sauran.

Ku sanar da matarshi Dijatu a hankali. Ki sa mani albarka.

Ɗanki,
Maigandi