Akuyar da Aka Gani a Ƙofar Ofishina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ɗa'a na ƙungiyarmu ta lauyoyi, Dutse.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Sammacinku ya iso. An ce ina karɓar hatsi da dabbobi a matsayin ladan aiki, har an ga akuya ɗaure a ƙofar ofishina, kuma kuna shawarar dakatar da ni don na zubar da mutuncin sana'a. A bainar jama'a aka ga akuyar, shi ya sa zan amsa a bainar jama'a.

Na ɗaya. Ban musa ba. Goggo Dije ce ta kawo ta daga wani ƙauyen Miga. Mijinta ya rasu, maƙwabci ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka, ya cinye rabin gonarta. Ta miƙa mini igiyar, ta ce, "Lauya, ga ta nan, da ciki. In ta haifi biyu rabonka ne, in ɗaya ne kada ka zo mini da ƙorafi." Me zan ce mata? Ta tafi banki?

Na biyu. Manomi da kaka yake biya, mai gidan haya kuwa da bazara yake ƙwanƙwasa ƙofa. Tsakanin nan akwai kuɗin mota zuwa Buji ko Garki, in isa a ce alƙali bai zauna ba, an ɗage. Akwai na buga takardu. Akwai naku na shekara, wanda na biya bara da buhun riɗi da na sayar a kasuwa. Kun karɓa, ba wanda ya ce ya ji warin ƙauye.

Na uku ba hujja ba ce, amma ku ji. Bayan azahar, idan an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, nakan jingina ina kallon duwatsun garin nan ta taga, suna rawa cikin zafi. Sai in ga kaina saurayi a makarantar lauyoyi, rigar lauya sabuwa fil a jikina, malamai suna karanta amsata ga aji. In ga wata kotu can a ƙarƙashin dabinai, ruwa na gudu a gefenta, alƙalinta yana zama kullum. Babu ɗagewa. Tsofaffi suna shigowa da gonakinsu naɗe a hammata kamar tabarma, suna shimfiɗawa, kowa na nuna iyakarsa, a yanke hukunci kafin la'asar. Ni kuma ina magana a hankali, ana saurare. Waɗanda suka kwafi darasi a littafina, yau suke wuce ni cikin motoci masu baƙin gilashi, a can suna zaune a benci na baya, sun yi tsit. Nakan daɗe a wurin. Ba a biyan haya.

Da na farka, sai in tarar gashin kaina ya fi hulata ta kotu fari.

Ga roƙona. Shari'ar Goggo Dije ta kai ga sauraron shaidu, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Idan ruwan shuka ya sauka babu hukunci, maƙwabcin zai shuka gero, kotu ta ce a jira girbi, ita da marayunta su wuce shekara da rabin rumbu. Ba ta da wani lauya, kuma ba za ta samu ba. Ku dakatar da ni in kun ga dama, na gaji da rigar. Amma ku bari sai an yanke.

In kuma kun ƙi, ɗayanku ya hau motar Miga ya gaya mata da bakinsa. Ni ba ni da idon da zan kalle ta.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka sauka daga kujerar nan lafiya, Ya raba ka da ranar da za ka jira kaka.

Wassalam.

Barista Habu,
Bayan tasha, Dutse.