Na jefa wayar mijina a ƙwaryar nono

Anti Nabila, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da hannuna kuma ban san ta inda zan fara gyara ba.

Ni Bafillatana ce, ina sayar da fura da nono a unguwar Sauka Kahuta. Maigidana mutumin Bida ne, yana da shagon walda a Tunga. Shekararmu takwas da aure, yaranmu biyu, ko yatsa bai taɓa nuna mini ba. Sai dai a gidanmu an tashe mu da kunya. Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta zama ta yi ta zuba masa zance, balle ta ce tana son sa. Ko a wasiƙar nan hannuna ya ƙi rubuta sunansa.

In na sayar da wuri, nakan zauna a shagon kitson maƙwabciyata Martha mu kalli wani shirin ban tsoro a talabijin, wanda kowane mako labari daban, mutane daban. Rannan suka nuna wani magidanci da ya saba hira da wata murya a wayarsa, irin ƙirƙirarriyar basirar nan da ake yayi. Muryar ta san cinsa da shansa, ta shiga ransa, har ta kai ta kulle ƙofar gida ta bar matarsa a waje tana bugawa. Martha dariya take yi, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga ƙofar nan.

Bayan kwana uku na dawo da la'asar, sai na ji maigidan a ɗaki yana magana ƙasa-ƙasa, muryar mace irin ta shirin nan tana amsa masa daga waya, har na ji ta ambaci sunana. Da ya fita alwala na ɗauki wayar na nutsa ta a ƙwaryar nono. Anti, ban yi tunani ba, ƙofar nan kawai nake gani.

Bai yi faɗa ba. Washegari ya ari wayar ƙaninsa, ya shiga manhajar da sunansa ya buɗe hirar a rubuce, ya ajiye a gabana ya fita. Na karanta har ƙarshe. Duk a kaina ne. Ya tambaye ta maganin ciwon ƙafar mai yawo da ƙwarya. Ya tambaye ta yadda ake sa mace mai kunya dariya. Abin da ya fi ci mini rai, ya ce shekara takwas bai sani ba ko ina son sa ko haƙuri nake yi da shi.

Yau kwana biyar yana cin abincina, yana gaishe ni kamar baƙuwa. Ina jin kunya, ina kuma jin haushi, don me zai kai sirrin ɗakina wurin na'ura? Tsoron ma bai sake ni ba. Ina son mutumin nan, kada in rasa shi.

Mai Ƙwarya, Sauka Kahuta

'Yar'uwata Mai Ƙwarya, ki kwantar da hankalinki. Aurenki bai jiƙe ba, waya ce kawai ta sha nono.

Masu shirin ban tsoro sana'arsu su hana mutum sakat, kuma a kanki sun ci riba. Muryar nan ba aljana ba ce, ba ta kishi, ba ta son mijinki. Manhaja ce da ke harhaɗa amsa daga tarin rubutun mutane. Amma ko a labarin da kika kalla, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar gidanki shiru ne.

Kina da gaskiya a abu ɗaya: sirrin aure ba na zubawa a waya ba ne, don ba mu san inda yake tafiya ba. Ki gaya masa haka, cikin ladabi. Shi ma ya yi kuskure da ya tsallake ki ya tambayi wata. Sai dai ki duba abin da ya je nema. Wani na samun irin wannan manhajar zai nemi abin da zai ɗauke masa hankali daga gida, naki kuwa hanyar zuwa wurinki yake tambaya.

Kunya ado ce, ban ce ki yar da tarbiyyar gidanku ba. Ki riƙe ta a gaban surukai da cikin mutane. Amma shi ba a gidanku ya tashi ba, bai iya karanta soyayya a cikin furar da kike ware masa ba. Sai an faɗa masa da baki.

Ki dama masa fura da kanki, ki zauna kusa da shi, ki ba shi haƙurin waya. In sunansa ya yi miki nauyi, ki raɗa masa wani wanda ku biyu kaɗai za ku sani. Sannan jimlar da kika rufe wasiƙarki da ita, wadda kika iya rubuta mini ni bare, ki faɗa masa ita. Tambayar da ya yi wa na'ura ba ta da amsarta, ke kaɗai ke da ita, kuma shekara takwas yana jira.

Allah ya buɗe bakinki, ya sanyaya zuciyarsa, ya bar ku tare.

Anti Nabila