Ƙorafi kan Goge Baba Sai-an-duba

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Tsare-tsare
Daga: Magatakardan Ƙofar Lodi
Rana: 19 ga Mayu
Game da: wakilin kwamfuta mai lamba 14 da korar mai duba motoci

Ranka ya daɗe,

Direbobi suna kiran Baba, mai duba motoci, Sai-an-duba, suna cewa ko motar gawa ce sai ya shinshina ta. Leburori suna cewa ya fi ƙofar tsufa. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban ji ya tanka ba.

1. Ranar 3 ga Maris masana suka zo kwaikwayon aikin da ke tsakanin masana'antarmu ta fulawa, kamfanin sufuri da gidajen burodi. Kowane ma'aikaci aka yi masa wakili a kwamfuta, ɗigo mai bin ƙa'idar da aka rubuta masa. Ni aka tambaya ƙa'idar Baba. Da girmana na yi karatu, ina jin nauyin masu ilimi. Na ce yana tsayar da kowace mota minti ashirin. Ba su tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

2. Dalilin shi ne, motocin nan suna ɗaukar wa wani kamfani maganin ƙwari. Baba yakan hau ya shinshina katakon ƙasan motar kafin a ɗora buhu ko ɗaya.

3. Ranar 8 ga Afrilu aka zaunar da shi a kujerar gaba a ɗakin taro, aka nuna ɗigonsa ja mai lamba 14 a allo, da laƙabinsa a kai. Manaja ya miƙa masa linzamin kwamfuta, ya ce ya goge kansa daga allon da hannunsa, ko yau ya yi abu ɗaya da sauri. Ya danna. Motocin allo suka zuba da gudu, aka tafa. Washegari aka karɓe makullinsa na ƙofar lodi, aka sallame shi.

4. Ranar 6 ga Mayu gidajen burodi uku suka dawo da fulawarmu tana wari. An rubuta cewa laifin damina ne.

Ina roƙon mai girma ya sa a gyara ƙa'idar wakili na 14, a sake gwajin a wancan ɗakin taron gaban waɗanda suka tafa, a mayar wa Baba makullinsa.

Da ladabi da biyayya,
Magatakardan Ƙofar Lodi
(sa hannu)

Ƙari: Jiya na same shi a ƙofar gidansa yana gyara wa jikarsa keke. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na ba su minti ashirin ɗin nan. Ka yafe mini."