Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ya gida, ya zaman ritaya? Ɗalibarki ce da kike kira Shiru-shiru.

Yanzu ina aiki a ɗakin adana bayanai na wani asibiti, daga ni sai kwamfuta sai fanka mai ƙara. Aikina in goge sunan majinyaci da adireshinsa, in sa masa lamba, kafin a miƙa wa masu bincike. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Gida ma haka. Tun rasuwar Baba, tsakanina da Inna sai "kin dawo?" da "na dawo."

Ina neman gurbin digiri na biyu a ƙididdigar lafiya. Sun ce in rubuta shafi guda kan abin da ya sa nake son karatun, ƙarshen wata za su rufe karɓa. Ga shi na haɗo. Ba ni da wanda zan nuna wa sai ke.

Allah ya ƙara girma,
Shiru-shiru

'Yata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni ina hira da shukokina, tunda yara duk sun watse.

Ƙwaƙwalwarki tana nan, amma shafin nan gadon asibiti ne da aka gyara tsaf, ba kowa a kai. "An lura cewa", "an gano cewa": wa ya lura, aljani? Kin goge kanki yadda kike goge majinyata. Masu dubawa tulin irinsa ne a gabansu, gefe za su ture shi. Ƙididdiga kowa ya nema ya iya. Ke me ya kawo ki?

Ki gaida Innarki. Ki amsa da wuri, ina zuba ido.

Malamarki

Malama,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni da jinkiri, na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa.

A asibitinmu, wanda aka sallama kuma bai sake zuwa ba, cikin waɗanda suka warke ake lissafa shi. Haka aka yi wa Baba a inda ya kwanta. Bai koma ba ne don ya rasu a ɗakinsa, mako na zagayowa. Kullum sai na shigar da irinsa a kwamfuta, ban san nawa ne ke raye ba. So nake in koyi yadda ake ƙirga waɗanda ba su dawo ba.

Amma wannan ai maganar gida ce. Ko da Inna ba mu taɓa yin ta ba.

Na bar ki lafiya,
Shiru-shiru

'Yata,

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na daɗe riƙe da takardarki.

Wannan shi ne shafinki, ki rubuta shi da "ni". Sai dai kin fi ni sanin ƙa'idar aikinku: ba a fitar da bayanin mutum sai da izinin iyalinsa. Kafin ki tura, ki karanta wa Inna da bakinki. In ta ce a'a, a'a ce, sai mu tura tsohon mu bar wa Allah. Na san neman gurbin ya fi miki wannan sauƙi.

Takardar shaidar da na rubuta a kanki ta riga ta tafi jami'ar. Ina yi miki addu'a.

Malamarki

Malama,

Barka da war haka. Na tura, ana gobe za su rufe.

Na karanta wa Inna tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba har na kai ƙarshe, na ɗauka a'a ke nan. Can ta ce, "Sake karanto wurin Babanku." Na sake. Ta ce, "Ki sa musu cewa tela ne. Kar su zaci majinyaci ne kawai."

Na sa. Ba su amsa ba tukuna.

Taki,
Shiru-shiru