Hular Baba na hannuna, hanyar kuma ta ƙare a bakin teku

Daga mai kula da zaure: Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra ya aiko da wannan, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya zo.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, na gida da na waje. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Ni direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, ban iya kwamfuta ba, wani abokina mai shagon buga waya a unguwar Maamobi ne ya ce akwai inda 'yan zongo da suka watsu a duniya suke haɗuwa ta imel, shi yake buga mini wannan ina faɗa masa. Ya ce a cikinku akwai waɗanda suka yi aikin jirgin ruwa, akwai waɗanda suka san Gabon, shi ya sa na zo. Ku yi haƙuri, maganar tana da ɗan tsawo.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni ne babba, sai ƙanena da zan kira shi Sule, ba sunansa ba ne. Baba tsohon ɗan kasuwar goro ne, kuma tun muna yara abu ɗaya ya hana mu, ruwa. Yayansa ya nutse a kogin Volta lokacin da kwale-kwalensu ya kife da kayan goro, har yau ba a ga gawarsa ba. Baba kan ce mutuwar ba ta dame shi ba, kowa zai mutu, abin da ke cin ransa shi ne ɗan'uwansa ba shi da kabarin da za a tsaya a kai a yi masa addu'a. Ni na ji magana, har gobe in na kai fasinja bakin teku ba na sauka daga mota. Sule kuwa kunnen ƙashi gare shi, ya bi yaran masunta a unguwar Chorkor ta bakin teku ya koyi iyo, da ya girma ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, yana nutsewa da tulun iska a baya yana kankare ƙasan jirage. Ranar da Baba ya ga gilashin nutso da wasu takalma irin ƙafar agwagwa a ƙarƙashin gadonsa, bai ce komai a gida ba. Ya bari sai da aka idar da sallar Juma'a, a ƙofar masallaci, gaban mutanen unguwa, ya ce Sule ya fita masa daga gida, bai yafe masa ba, kuma kada ya sake taka ƙofarsa sai in shi ya aika a kira shi.

Bayan haka ne wani Bature ya ɗauki Sule ya tafi da shi wani ɗan tsibiri can bayan Gabon, a tsakiyar teku. Ba zan faɗi sunan wurin ba, in na faɗa duk Nima za a gane ni. Aikinsa shi ne ya shiga ƙarƙashin ruwa da masu yawon buɗe ido, ya nuna musu kifaye da kunkuru. Ni dai har yau na kasa gane yadda mutum zai taso daga ƙasarsu ya biya kuɗi don ya kalli kifin da ba zai ci ba, amma shi ke nan, da shi Sule yake cin abinci. Mahaifiyarmu, Mma, in aka tambaye ta ina Sule sai ta ce Gabon, domin shi ne sunan da bakinta ya iya, haka Baba ma ya riƙe, ba wanda ya taɓa zama ya yi masa bayanin cewa akwai teku a tsakani, tunda ba a ambaton Sule a gabansa. Sau ɗaya Sule ya dawo, Mma ce ta aika masa cewa zuciyar Baba ta yi sanyi. Ya yi wannan doguwar tafiya, ya iso da tsaraba, Baba ya leƙo ya gan shi ya ce shi bai aika kowa ba, ya rufe ƙofa. A gidana Sule ya sauka, ya koma bai ko sha ruwan gidanmu ba.

To bayan azumin da ya wuce Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa. Likita ya ce mu koma da shi gida mu ci gaba da kula da shi, kun san me wannan ke nufi. Kwanakin baya ya sa aka kira ni, ya nuna wa Mma akwatinsa, ta ciro wata jar hula. Ita ce a kansa ranar da ya kori Sule, tun daga ranar bai ƙara sa ta ba. Ya ɗora mini a hannu ya ce in kai wa yaron nan, in ce yana kira. Sannan ya riƙe yatsana ya ce in bi ta ƙasa, in sauka a zongo, unguwar Hausawa, duk garin da na isa, ƙafata kada ta taɓa kwale-kwale, in na kai garin da Sule yake in nemi Sarkin Zongo zai nuna mini gidansa. Na ce to, me zan ce?

Na san wani zai ce a buga waya mana. Na buga. Tsibirin ba waya, sai an kira wani otal a babban tsibirin da ke kusa da su, su kuma su sanar da shi ta rediyo, sai ya samu jirgin da zai fito da shi. Da ƙyar muka haɗu a layi, na gaya masa halin da ake ciki, ya yi kuka har na ji nauyin mutanen da ke jiran waya a bayana. Amma ya ce shi ba zai taso a kan maganar waya ba, ya taɓa tasowa a kan maganar Mma ya ga abin da ya gani, in ya sake zuwa aka sake rufe masa ƙofa Baba yana kan gadon mutuwa, wannan bakin zai bi shi har kabari. Ya ce in dai gaskiya ne Baba ya fito da hular, in kawo ta ya gani da idonsa, a ranar zai biyo ni. Na yi masa faɗa, na ce shekarunka nawa kake wannan taurin kai, ya ce a wurin wa ya gada. Dattawan unguwa ma bayansa suka goya, sun ce wanda aka kora a gaban jama'a ba a kiransa da waya ko ta gidan waya, ɗan'uwansa na jini ake tashi ya je da ƙafarsa. 'Yan'uwanmu mata duk suna ɗakin aure da yara ƙanana, saura ni.

Sai na tafi Sabon Zongo wurin Kawu, wan Mma, wanda ya yi fataucin goro tun kafin a haife ni, don ya tsara mini hanya. Ya shimfiɗa tabarma, ya zazzage goro daga aljihu, kowane gari sai ya ajiye ƙwaya ɗaya ya faɗi sunan mai masauki. Lome akwai Alhaji wane, Kwatano akwai surukin wane, Agege a Legas akwai abokin cinikinsa, Duwala akwai wani limami, Libreville akwai mai sayar da nama da suka yi aikin Hajji tare. Na ce Kawu anya waɗannan mutanen suna raye kuwa, ya ce in ba su nan 'ya'yansu na nan, ba a rasa tabarma a zongo. Ya gargaɗe ni cewa ba a tsallake mai masauki, dole in sauka in gaisa in ci abincinsa, in jira shi ya zaɓa mini motar da ya yarda da ita, in na wuce wani ya ji labari, na zubar wa Kawu mutunci ke nan. Ni da nake direba na san irin wannan tafiyar ba ta mako ɗaya ko biyu ba ce. Da ya ajiye goron Libreville ya ɗauki wani yana riƙe da shi, ya ce daga nan sai wane gari. Na ce daga nan sai ruwa, jirgi zuwa babban tsibiri, sannan ƙaramin jirgi zuwa wurin Sule. Ya ce waye Sarkin Zongonsu, na ce babu zongo, Sule ya ce shi kaɗai ne yake sallah a wurin. Kawu ya dube ni ya mayar da goron aljihu, ya ce shi bai taɓa jin garin da ba Bahaushe ba, kuma wurin da ba mai masauki ba zai tura ɗan ƙanwarsa ba. Ya ce kada in kuskura in gaya wa Baba maganar ruwa, sai ta ƙarasa shi.

Na je wani ofishin sayar da tikiti a cikin gari, matar ta buɗe taswira ta daɗe tana nema kafin ta ga ɗigon. Ta ce zan iya hawa jirgin sama zuwa Libreville, amma sai na nemi biza domin can ba kamar Togo ba ne da muke shiga da katin shaida, sai katin rigakafi, daga nan akwai ƙaramin jirgin sama zuwa babban tsibirin amma ba kullum yake tashi ba, in damina ta yi ƙarfi ma yakan fasa. Ƙarshen tafiyar dai ta ce ba makawa sai ruwa. Akwai kuma Nii, wani abokin Sule da suka yi aiki tare a Tema, ya ce zai iya sa ni a jirgin kaya da ke gangarawa can, ba biza ba wahala sai dai amai. Na ce masa ban iya iyo ba, ya yi dariya ya ce, "Chale, abokina, in jirgi ya nutse a wurin nan, wanda ya iya da wanda bai iya ba duk ɗaya ne." Wai nan kwantar mini da hankali yake yi. Ni da na san kowane lungu daga Nima zuwa kasuwar Makola, yau hanya ta gagare ni, ta ko'ina na juya taswirar sai in tarar da abin da Baba ya hana ni.

A gida kuma ba zaman lafiya. Matata ta ce ba inda za ni, ta ce in na tafi Allah ya yi ikonsa a bayana, wa zai tsaya a kan wankan Baba, wa zai shiga kabari ya karɓe shi, mutum da 'ya'ya maza biyu a ce maƙwabta suka binne shi. Ta ce kuma in ruwan ya ci ni fa, ta ce wa yaranmu me. Mma kuwa tun da aka fito da hular ba ta ce mini in je ko kada in je ba, sai dai duk lokacin da na shigo gaishe su ta kalli ƙafata ta kalli ƙofa. Da suka haɗu da matata maganar ta kai su ga sa-in-sa, Mma ta ce ita ta haifi biyu ba za ta yarda ɗaya ya rayu da bakin uba a kansa ba, matata ta ce ai ba a gyara ɗaya a ɓata ɗaya. Wallahi duk su biyun na ga gaskiyarsu, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, ruwan nan tsoronsa nake ji.

Na samu limamin unguwarmu, ya ce in Baba ya furta cewa ya yafe, ko Sule yana bangon duniya ya wadatar. Na ji daɗi, na koma na durƙusa na ce Baba ka ce ka yafe masa, ni da Mma shaida ne. Ya juya fuskarsa bango, ya ce a gaban mutane ya kore shi, a gaban mutane zai karɓe shi. Duk wanda ya san Baba ya san an rufe wannan babin.

Yau da safe kafin in fita da mota na tsaya ba shi koko. Ya ƙi sha, ya tambaye ni ko Kawu ya ba ni sunayen masu masauki, na ce ya bayar har Libreville. Ya ce garin ƙarshe fa, wa zai sauke ni. Ba na son yi masa ƙarya, sai na ce Baba babu zongo a wurin, Sule ne kawai. Sai ya ce, "Yana da buta da tabarma?" Na ce yana da su. Ya ce, "To ai zongo ya kafu. Shi ne mai masaukinka." Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, Mma ta goge masa da bakin zaninta. Shekara da shekaru ban ji ya faɗi alheri a kan Sule ba sai yau. Sannan ya ce me nake jira har yanzu, ni kuma na kasa buɗe baki in ce masa tsakanina da wannan zongon akwai teku.

Jama'a ku gaya mini, in gaya masa gaskiyar ruwan in nemi ya janye sharaɗinsa, ko da hakan zai sa ya karɓe hularsa? Ko in yi shiru in hau jirgin, in saɓa masa don in cika masa burinsa? Ko in zauna in riƙe hannunsa har ƙarshe, in bar ƙanena da abin da aka faɗa masa a ƙofar masallaci? Waɗanda suka san hanyar nan, wacce ce ta fi sauri da za ta kai mutum ta dawo da shi ya tarar da tsoho da rai? Don Allah kada ku daɗe ba ku amsa ba. Hular tana cikin leda a ƙarƙashin kujerar motata, kullum da ita nake zagaya Accra, gobe da safe kuma zai sake tambayata me nake jira.