A Buɗe Mana Ɗakin Kwamfuta Kafin Jarrabawar Memuna

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Cibiyarmu ta Musulmi da ke Silver Spring, tare da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa Alhaji sannu da ɗawainiyar jama'a, ina kuma gaishe da Hajiya da yara. Mun ga gyaran da aka yi wa wurin alwalar mata, mun gode, Allah ya saka da alheri. Ni ce Hajiya Binta, mutuniyar Funtuwa, tsohuwar malamar firamare, wadda ke salla a kan kujera kusa da ƙofa saboda ciwon gwiwa. Na so in same ku baki da baki, amma duk Juma'a kafin in lalubo takalmana kun shige mota. Shi ya sa na rubuto, zan kuma manna kwafi a allon sanarwa, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Kukana ɗaya ne. An kulle ɗakin kwamfuta na ƙasa, an ce faifan da na sa wa injinan na sata ne, an kuma ce ƙarshen watan nan motar shara za ta kwashe su. Akwai baiwar Allah da za ta zauna jarrabawar aiki kafin azumi, kuma a kan waɗannan injinan take koyo.

Na farko, inda faifan ya fito.

Wankan jegon 'yata ne ya kawo ni ƙasar nan, sai zama ya kama ni. Mijinta aikin kwamfuta yake yi a Alexandria, kowa ya ce gwani ne. To amma Alhaji, kai ma Bahaushe ne, ka san ba zan ja kujera in zauna kafaɗa da kafaɗa da surukina yana nuna mini inda zan danna ba. In ya shigo falo ɗaki nake shigewa, shi ma kansa a sunkuye yake wucewa. Mun gwada karatu ta hanyar aike, ya faɗa wa matarsa a kicin, ita ta zo ta faɗa mini a ɗaki. Kafin maganar ta iso rabi ya zube a hanya. Muka haƙura.

Akwai wata tsohuwar laftof da suka jefa saman durowa. In ka kunna ta sai ka dafa shayi, ka sha, ka wanke kofi, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani. Wata rana na ga sanarwa a laburaren unguwarmu cewa wasu 'yan sa kai suna farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci ranar Asabar. Na cusa ta a jakar cefane na hau bas.

Wata dattijuwar Baturiya ce ta karɓe ni, sa'ata, kai fari fat. Ta ce injin lafiyarsa ƙalau, tsarin da ke tafiyar da shi ne ya yi masa nauyi, kuma akwai wani mara nauyi ana ce masa Linux. Ba ta yi gaggawa ba. Da farko ta sa na kwashe hotunan sunan jikana a filash, don sabon tsarin in ya zauna zai share abin da ya tarar. Sannan ta tayar da injin daga kan faifai ba tare da an taɓa komai na ciki ba, ta ce in ɗanɗana tukuna, in bai yi mini ba a zare faifan, shi ke nan. Na ɗanɗana. Abar da na sani da nawa sai ga ta tana gudu kamar an aike ta. Na ce a zuba mini.

Matar nan ta ƙi ta danna mini ko sau ɗaya. Ni na zaɓi harshe, na zaɓi garin da agogo zai bi, na rubuta sunana, na ƙirƙiro kalmar sirri. Da injin ya sake tashi na ga sunana a fuskarsa, wallahi daɗin da na ji sai da na yi guɗa a cikin laburare, aka juyo ana kallona.

Da muka gama na buɗe jaka zan biya. Ta yi dariya ta ce ba a biya. Na ce to tukuici fa? Sai da na yi mata bayanin mene ne tukuici, ta ce nata tukuicin shi ne in sa wa wani. A gabana ta buga kwafin faifan, ta rubuta sunansa a kai da alƙalamin maka, ta ba ni. Duk da haka Asabar ta gaba sai da na kai musu ƙosai, don ba a koya mini in koma wurin mai kyauta hannu rabbana ba.

Na biyu, ban taɓa injinan cibiya ba sai da izini.

Da sanyi ya fara ja baya aka sanar cewa kamfanin da ya yi tsohon tsarin injinanmu ya daina kula da shi, don haka za a zubar da su. Na tare Alhaji a bakin matakala na roƙi a bar ni in gwada. Ka ce, "Hajiya, ki gwada mana, ai ko ba ki taɓa su ba shara za su tafi." Guda shida ne. Ɗaya ya ƙi tashi, mun yi masa addu'a mun tura shi lungu. Biyar sun miƙe garau. Ba zan ɓoye ba, injin buga takarda ya ba mu wahala, sai da na rubuta tambaya a intanet, wani bawan Allah daga ƙasar da ban san inda take ba ya bi ni mataki-mataki har takarda ta fito.

Daga nan muka fara haɗuwa duk Asabar bayan Azahar, mu mata. Da kun leƙo da kun sha dariya. Akwai mai ɗaga maus sama tana nuna wa allo kamar rimot. Akwai wata 'yar Zinder da har yau odinatar take ce wa kwamfuta irin na Faransanci, kuma ta riga kowa iya aika hoto gida. Yanzu uwa kan duba makin ɗanta na makaranta da kanta, yaron bai isa ya karanta mata abin da ya ga dama da Turanci ba.

Na uku, Memuna.

Memuna 'yar zangon Kumasi ce. Ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi a gidaje, ta yi musu wanka, ta juya su a gado, ta san lokacin maganin kowa. Ta samu wurin aiki mai kyau, mai inshorar lafiya, amma sun ce sai da takardar shaida, jarrabawar kuwa a kwamfuta ake yi. Ta zauna sau ɗaya ta faɗi. Ranar da ta fito ta same ni ido ya yi ja, ta ce, "Hajiya, wallahi na san amsa duka, kibiyar nan ce ba ta tsayawa wuri ɗaya." Lokaci ya ƙare mata tana kokawa da maus. Ba ta da kwamfuta a gida, kuma sa'ad da take tashi aiki an rufe laburare. Asabar ɗin nan ta cibiya kaɗai gare ta. Hannunta ya fara faɗawa, har ta fara gama tambayoyin gwaji kafin lokaci ya cika, sai aka sa kwaɗo a ƙofa. Wurin aikin sun ce za su jira ta wannan karon kawai.

Na huɗu, zargin Alhaji Ma'aji.

Ya sauko ɗaukar kujeru ne ya ga faifan a kan tebur da rubutun hannu a kansa. Ya ɗaga shi sama a gaban mata ya ce, "Hajiya, wannan ai irin na bakin kasuwa ne. Nan Amurka ce fa. Jama'armu da yawa takardunsu na zaman ƙasa suna kan hanya, so kike a zo a rufe mana masallaci?" Ya ƙara da cewa kayan sata ba sa zama a wurin da ake salla. Ya kulle ɗakin ya sa makulli a aljihu.

Ban ga laifinsa duka ba. A gida duk faifan da ba shi da kwali da hatimi mai ƙyalli, kowa ya san ta bayan gida aka buga shi. Da irinsu muka kalli finafinai muka saurari wa'azi, har da wasu dattawan kwamiti da ba zan kama suna ba. Tsoron takardu kuma ba abin wasa ba ne, na san gidajen da ba sa barci saboda shi. Amma a wannan karon Alhaji Ma'aji ya auna abu da mudun gida, kuma bai yi daidai ba. Mutanen da suka haɗa wannan tsari sun rubuta izini a fili: kowa ya yi amfani da shi, ya kwafa, ya ba wani, har ya gyara in ya iya, sharaɗin dai kada ya hana na bayansa abin da shi aka ba shi. Kamar rijiyar wakafi ce a bakin hanya, kowa ya zura gugansa. Na buga takardar izinin na kai wa Malam Liman, na fassara masa, ya ce abin da mai shi ya halatta da bakinsa ba ya zama sata.

Da na faɗa wa Alhaji Ma'aji haka, sai ya ce shi bai taɓa jin an ba da abu mai amfani haka kawai ba, dole akwai wata a ƙasa. Na ce masa shi da yake cika masallaci da ruwan sha da dabino duk azumi ba ya karɓar komai, wace ce a ƙasa? Ya yi dariya, amma bai fito da makullin ba.

Zan faɗi gaskiya, kalmar sata ta yi mini zafi. A wurin wani suna a Upper Marlboro wata ta ja ni gefe tana tambayata wai ko 'yan sanda sun zo. Na yi shekaru ina riƙe da allin gwamnati ban taɓa kai guda gida ba, sai da na yi furfura a Amurka za a ce na yi satar faifai.

Don haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka. A buɗe ɗakin wannan Asabar ɗin, kada a jira taron wata. A janye maganar motar shara. In akwai sauran shakka, ku kira surukina bayan sallar Juma'a ku yi ta ku maza, shi ya san abin ciki da waje, sai dai ku bari in fita tukuna. A kuma faɗa a sanarwa cewa faifan halal ne, don a fili aka faɗi zargin. Shi kuwa Alhaji Ma'aji mun ware masa kujera, ya zo ya danna da hannunsa, ba za mu yi masa dariya sosai ba.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da haƙurin jama'a, ya ba kwamiti ikon yin adalci, ya kai mu azumi lafiya, ya daidaita wa kowa takardunsa.

Jiya na haɗu da Memuna a bas tana dawowa daga aiki. Ta zana madannan kwamfuta da biro a bayan kwalin taliya, ta ɗora a cinya, ga sabulun wanka a hannun dama tana tura shi hagu da dama a madadin maus. Ko kunyar mutane ba ta ji. Ta ɗago ta gan ni ta yi dariya, ta ce, "Hajiya, kar hannu ya manta kafin su buɗe." Alhaji, injina biyar masu lafiya suna zaune a cikin duhu a ƙarƙashin masallacinmu, ita kuma tana koyo da sabulu. Don Allah ku buɗe mata ƙofar.

Wassalam.

Taku a kullum,
Hajiya Binta,
a madadin matan ajin Asabar.